Kula da Manhajojin Cikin Mota da Tsare Su Daga Masu Kutse: Darasi Daga Motar Jeep Cherokee

1.0 GABATARWA

A da, idan aka ambaci mota, abin da yake zuwa a zuciyar mai sauraro shi ne ƙarfe da taya da mai. Direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa ya bi ta ruwan birki ya isa ga taya. Ya murɗa sitiyari, ƙarfe ya juya ƙarfe, mota ta karkata. Motar wannan zamani kuwa ta sha bamban da waccan, domin a cikinta akwai ƙananan kwamfutoci gommai, a manyan motocin alfarma ma sukan doshi 100. Wata tana kula da injin, wata da birki, wata da giya, wata da fitilu da ƙofofi, wata kuma da rediyo da taswira da wayar direba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna haɗe da intanet dare da rana, ko mai motar ya sani ko bai sani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ake kula da manhajojin da suke aiki a cikin irin waɗannan kwamfutoci, don kada ɗaya daga cikinsu ta zama hanyar da mugu zai bi ya ƙwace mota daga hannun direbanta. Za mu ɗauki abin da ya sami motar Jeep Cherokee a Amurka a shekarar 2015 a matsayin ma'auni. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, katangar waje kaɗai ba ta isa tsaro ba. Dole ne a ɗauki kowace manhaja a matsayin baƙon da ba a gama sanin halinsa ba, a tantance ta kafin ta shiga, a ƙayyade mata inda za ta tsaya, a kuma ci gaba da lura da ita muddin motar tana bisa hanya.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Kafin mu tsunduma cikin bayani, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi huɗu.

Dasasshiyar kwamfuta ita ce ƙaramar kwamfutar da aka dasa a cikin wata na'ura don ta yi aiki ƙayyadadde, kamar wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.

Manhaja ita ce jerin umurnin da aka rubuta wa kwamfuta ta bi. Mai nuna taswira manhaja ce, haka ma mai kaɗa waƙa da mai haɗa mota da wayar hannu.

Uwar manhaja ita ce babbar manhajar da sauran suke zaune a kanta. Ita ce take raba musu wurin ajiya da lokacin aiki, ita ce kuma take tsaye tsakaninsu da kayan na'urar. Daga cikin waɗanda ake dasawa a motoci akwai QNX, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Kanada, kamfanin BlackBerry ya mallake ta a 2010. Akwai Automotive Grade Linux, wadda aka kafa a 2012, ta fara fitowa a motar Toyota Camry ta 2018. Akwai kuma Android Automotive ta kamfanin Google, wadda ta fara fitowa a motar Polestar 2 a 2020.

Kutse shi ne shiga kwamfutar wani a sarrafa ta ba da izininsa ba.

3.0 YADDA KWAMFUTOCIN MOTA SUKE MAGANA DA JUNA

Kwamfutocin mota ba su da amfani sai sun ji ta bakin juna. Mai kula da giya tana bukatar sanin gudun injin, mai kula da birki tana bukatar sanin gudun kowace taya. Domin a rage yawan wayoyin da suke kai-komo a jikin mota, kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wani tsari mai suna CAN a shekarar 1986. A wannan tsari, kwamfutoci da yawa suna rataye a kan igiyar waya guda mai silli biyu. Duk wadda take da magana sai ta jefa saƙonta a kan igiyar, kowa ya ji, wadda abin ya shafa ta ɗauka ta yi aiki da shi.

Wannan tsari yana da sauƙi da araha da ƙwari, shi ya sa ya game duniya. Amma fa yana da wata illa wadda ba ta dami kowa ba a lokacin da aka ƙirƙiro shi. Saƙon CAN yana ɗauke da lambar da take nuna irin maganar da ya ƙunsa, amma ba ya ɗauke da sunan wanda ya aiko shi, balle wata shaida. Idan saƙo ya ce a saki birki, kwamfutar birki ba ta da hanyar sanin ko daga 'yar'uwarta ya fito ko daga bakin maƙaryaci. A 1986 wannan ba matsala ba ne, saboda duk mai son taɓa igiyar sai ya buɗe motar da hannunsa. Ranar da aka haɗa rediyon mota da intanet, aka kuma bar rediyon rataye a kan wannan igiya, ranar nan ce bango ya tsage, ƙadangare kuma ya sami wurin shiga.

Masana sun yi gargaɗi tun da wuri. A 2010 da 2011, masu bincike daga Jami'ar Washington da Jami'ar Kalifoniya ta San Diego sun nuna cewa ana iya shiga mota ta faifan CD, ko ta Bluetooth, ko ta layin wayar da aka dasa mata, sannan a sarrafa birki da injin. Da yake ba su bayyana sunan motar da suka gwada ba a lokacin, maganar ba ta yi amo sosai a wajen jama'a ba.

4.0 ABIN DA YA SAMI JEEP CHEROKEE

A watan Yuli na 2015 mujallar Wired ta buga labarin wani gwaji da masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka yi. Wakilin mujallar, Andy Greenberg, ya yarda ya tuƙa Jeep Cherokee ƙirar 2014 a kan babbar hanya kusa da birnin St. Louis, su kuwa suna zaune a gida mai nisan mil da dama daga wurin. Yana gudun mil 70 a awa sai iska mai sanyi ta fara busowa, rediyo ya sauya tasha ya ƙure murya, waifa ta kama aiki, duk ba tare da ya taɓa komai ba. Can sai suka yanke giya, ya taka totur injin ya yi ƙara amma motar ta ƙi ja, ga babbar mota tafe a bayansa. Daga baya, a wani fili inda motar take tafiya a hankali, suka kashe birkin har ta gangara cikin rami.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazari shi ne hanyar da suka bi, domin ƙofofi huɗu suka wuce, kowacce kuwa a buɗe suka same ta.

Ta farko, na'urar rediyo da taswira ta motar, mai suna Uconnect, tana haɗe da layin wayar kamfanin Sprint, kuma duk wata na'ura da take kan wannan layi tana iya yi mata magana.

Ta biyu, a cikin na'urar akwai wani tsari mai suna D-Bus wanda manhajoji suke aika wa juna saƙo ta cikinsa. Magana ce ta cikin gida, amma sai aka bar ta tana sauraron waje ta mashiga mai lamba 6667, ba a kuma tambayar mai magana ko shi wane ne.

Ta uku, ɗaya daga cikin manhajojin da suke amsa kira a nan, wadda aikinta ya shafi taswira, tana karɓar kowane irin umurni ta zartar da shi da cikakken ikon mai gida.

Ta huɗu, na'urar tana da wani ƙaramin guntu mai suna V850 wanda shi ne yake taɓa igiyar CAN. Ana iya sauya manhajar da take cikinsa, kuma ba ya neman wata shaida kafin ya karɓi sabuwa. Sai suka rubuta tasu suka ɗora masa, daga nan suka riƙa aika saƙon ƙarya ga giya da birki.

Uwar manhajar da take cikin Uconnect a wancan lokaci ita ce QNX, wadda ta yi suna wajen ƙwari. Masu kutsen ba su fasa ta ba, ba su ma bukaci haka ba. Yadda aka jera manhajoji a kanta, da irin ikon da aka sakar musu, shi ya ba da hanya. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwanaki kaɗan bayan fitowar labarin, kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranye ga motoci miliyan 1.4 don a gyara su, kamfanin Sprint kuma ya toshe mashigar.

5.0 MATAKAN KULA DA MANHAJA

Idan muka dubi tsarin gidan Bahaushe za mu fahimci abin da ake nufi cikin sauƙi. Baƙo yakan yi sallama a ƙofa, a tambayi ko wane ne. In an karɓe shi, a zaure zai zauna. Aminin mai gida yana iya wucewa shigifa, amma cikin gida sai wanda ya cancanta. A motar Jeep, duk wanda ya sa ƙafa a zaure ya isa turaka. Matakan da za mu kawo a ƙasa su ne suke hana haka.

5.1 Tantancewa a Bakin Ƙofa

Mataki na farko shi ne kada mota ta karɓi wata manhaja sai ta tabbatar da inda ta fito, da kuma cewa ba a taɓa ta a hanya ba. Ana yin wannan da hatimin lissafi. Mai ƙera mota yana da mabuɗai biyu da lissafi ya ɗaure su da juna, ɗaya na sirri wanda yake ɓoyewa, ɗaya na fili wanda yake dasawa a kowace mota. Idan ya gama rubuta manhaja sai ya buga mata hatimi da mabuɗin sirri. Mota kuma ta auna hatimin da mabuɗin fili. Ko harafi ɗaya aka sauya a cikin manhajar, hatimin ba zai dace ba, sai motar ta ƙi karɓa. Mabuɗin fili yana iya auna hatimi amma ba ya iya buga shi, don haka ko ɓarawo ya tono shi daga cikin mota bai sami komai ba.

Wannan awo yana farawa tun daga lokacin da aka murɗa makulli. Akwai ɗan umurni na farko da aka ƙone a jikin guntun kwamfutar, wanda ba ya sauyuwa. Shi zai auna hatimin manhajar da take tayar da na'ura, ita ta auna na uwar manhaja, uwar manhaja ta auna na sauran. Sarƙa ce, kowane zobe yana riƙe da na gaba. Da guntun V850 yana neman hatimi, da tafiyar Miller da Valasek ta tsaya a kan rediyo.

5.2 Ƙayyade Izini

Hatimi yana shaida asalin manhaja ne kawai, ba ya shaida cewa ba ta da aibi. A farkon 2022, wani gidan rediyo mai suna KUOW a birnin Seattle ya aika da hotuna tare da shirye-shiryensa, amma sunayen hotunan ba su da ƙarshen da yake nuna irinsu. Manhajar rediyon wasu motocin Mazda ƙirar 2014 zuwa 2017 ta ruɗe, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi ba iyaka, har sai da aka sauya ta. Babu mugu a cikin wannan labari, manhajar kuma ta gidan ce. Idan kuskure zai iya yin haka, me ake tsammani daga wanda ya zo da niyya?

Saboda haka ne ake bin wata ƙa'ida da Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana tun 1975, watau a ba kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da aikinta yake bukata. Mai kaɗa waƙa tana bukatar lasifika da intanet, amma ba ruwanta da kyamara, balle birki. Mai nuna taswira tana bukatar sanin inda mota take, amma ba ta da dalilin buɗe ƙofa.

A tsarin Automotive Grade Linux na shekarun farko, kowace manhaja takan zo a ƙunshi mai hatimi, tare da takardar da ta lissafa izinin da take nema. Wajen shigar da ita sai a liƙa mata lamba ta musamman ta hanyar wani tsari mai suna SMACK, wanda yake hana ta taɓa abin da ba nata ba. Idan tana cikin aiki ta nemi wata hidima, sai a tambayi wani mai tsaron rajista mai suna Cynara ko an ba ta wannan izini. Daga baya an sauya waɗannan kayan aiki da wasu, amma ƙa'idar tana nan. A Android Automotive kuwa kowace manhaja tana da lambarta da ɗakin ajiyarta, tsarin SELinux yana tsare iyakokin, kuma babu manhajar waje da take taɓa igiyar CAN da kanta. Sai dai ta roƙi uwar manhaja, ita kuma ta duba izini tukuna.

5.3 Keɓewa

Mataki na uku shi ne a ɗauka cewa wata rana wata manhaja za ta faɗa hannun mugu duk da waɗancan matakai, a kuma shirya yadda ɓarnar ba za ta yaɗu ba. Ana yin haka a hawa biyu. A cikin kwamfuta guda, akan raba ta gida biyu da wata manhajar shamaki, ɓangare ɗaya ya ɗauki allon da yake nuna gudu da gargaɗin birki, ɗayan ya ɗauki waƙa da taswira, ta yadda ko na biyun ya faɗi na farkon zai ci gaba da aiki. A tsakanin kwamfutoci kuma, akan raba igiyoyin CAN, a ajiye wata kwamfuta a mashiga tana gadi, ba ta barin saƙo ya tsallaka daga ɓangaren nishaɗi zuwa na birki da sitiyari sai wanda yake cikin jerin da aka amince da shi. Fiat Chrysler ya fara sanya irin wannan mai gadi a motocinsa daga ƙirar 2018.

5.4 Sabuntawa

Babu manhajar da ake gamawa ba kuskure, don haka dole a sami hanyar gyara bayan mota ta bar masana'anta. A 2015 Fiat Chrysler ba shi da hanyar aika gyaran ta iska, sai ya aika wa masu motoci 'yar ma'ajiyar USB ta gidan waya, ko su kai motar wurin dillali. Masana sun soki wannan, domin yana koya wa mutane su cusa wa motarsu duk abin da ya zo a ambulan. A 2016 kuwa, da masu binciken Keen Security Lab na kamfanin Tencent a ƙasar Sin suka sami hanyar shiga Tesla Model S daga nesa, kamfanin Tesla ya aika da gyara ta iska cikin kwana 10, ya kuma ƙara sharaɗin hatimi ga manhajojin da ake ɗora wa kwamfutocin motar.

Amma hanyar sabuntawa ita kanta ƙofa ce, ita ce ma mafi girma, domin wanda ya ƙwace ta ya sami motoci dubbai a lokaci guda. Wannan ne ya sa a 2016 masu bincike daga Jami'ar New York da Jami'ar Michigan da cibiyar Southwest Research Institute suka fito da tsarin Uptane. A cikinsa akwai rumbu biyu. Na farko yana ajiye manhajojin da hatiminsu, mabuɗansa kuwa ba sa kan intanet. Na biyu yana faɗin wace manhaja ce ta dace da wace mota. Mota ba ta karɓa sai bakin rumbunan biyu ya zo ɗaya. Tana kuma duba lambar fitowa, don kada a yaudare ta da tsohuwar manhaja mai hatimi na gaskiya amma mai ramin da aka riga aka sani.

6.0 DOKA DA SAURAN MATSALOLI

A watan Yuni na 2020 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita dokokin motoci ya amince da ƙa'idoji biyu, mai lamba 155 a kan tsaron kwamfutocin mota, da mai lamba 156 a kan sabunta manhaja. A Tarayyar Turai sun zama tilas ga sababbin samfura daga Yuli 2022, ga dukkan sababbin motoci kuma daga Yuli 2024. Ma'anarsu ita ce, mai ƙera mota ba zai sami izinin sayarwa ba sai ya nuna yana da tsarin gano haɗari da magance shi.

Duk da haka akwai matsaloli biyu da suka rage. Ta farko ita ce tsufa. Wayar hannu takan yi 'yan shekaru a jefar, mota kuwa takan yi shekara 20 tana aiki. A 2022 manyan kamfanonin waya na Amurka suka rufe layukan 3G, motoci da yawa da suka dogara da su suka yanke daga masu ƙera su. Irin waɗannan tsofaffin motoci ne ake lodowa a jiragen ruwa zuwa Legas da Kwatano, su ƙarasa Kano da Maraɗi, ɗauke da manhajar da aka daɗe da daina gyarawa.

Ta biyu ita ce rikicin tsaro da haƙƙin gyara. Mai gadin da yake hana ɓarawo shi ne kuma yake hana makanike. A motocin da suke da shi, na'urar binciken makanike ba ta iya yin wasu ayyuka sai ya yi rajista an ba shi izini ta intanet. A Nuwamba 2020 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka amince da dokar da ta wajabta buɗe bayanan mota ga masu ita da garejin da suka zaɓa, kamfanonin motoci kuma suka garzaya kotu suna cewa hakan zai raunana tsaro. Makaniken da yake nesa da dillalan kamfani shi ne wannan ƙulli ya fi shafa.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan maƙala mun ga cewa igiyar CAN an gina ta ne a kan yarda da juna, a zamanin da babu baƙo a cikin mota. Mun bi ƙofofi huɗun da aka wuce a motar Jeep Cherokee, muka kuma ga cewa kowacce tana da matakin da zai iya rufe ta: mai gadi a mashiga, tambayar mai magana, ƙayyade izini, da hatimi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake wadatarwa shi kaɗai, amfaninsu yana cikin jeruwarsu, ta yadda wanda ya tsallake na farko zai ci karo da na biyu. Idan kwamfutar ofis ta faɗa hannun masu kutse, takardu ko kuɗi ake asara. Idan ta mota ce, ran direba da na fasinja da na mai tafiya a gefen titi ne a kan layi, shi ya sa rigakafi ya fi magani a nan fiye da ko'ina. Tambayar da ta rage ga masu ƙera motoci da hukumomi ita ce, wane ne zai ɗauki nauyin manhajar mota bayan ta tsufa ta ƙetare teku zuwa hannu na uku ko na huɗu.